Gicciye Bakwai a Kowane Dutse

Santa Rufina, New Mexico
4 ga Oktoba, 1954

Zuwa ga maigidana Abundio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin? Hannun ya fara motsi kuwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida 'yarmu Ofelia da mijinta da yara, Allah ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi da kai a can Pueblo. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da ka sani. Ofelia, tunda ke za ki karanta masa, ki zauna ta wajen kunnensa na dama, ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake ko layi ɗaya don kunya. Na san halinki.

An tsinke tuffa, barkono ya bushe na rataye shi a bango, wake kuma ƙanena Melquiades ya taya ni sussuka. Alfadararka Paloma tana nan, kullum da safe sai ta juya ta kalli dutse ta yi ta kuka. Ita ma ka ɓata ta.

Wasiƙar Ofelia ta same ni ranar Laraba. Ta ce tun da ɓarin jikin nan ya shanye magana ba ta fita, amma wuni kake yi kana zana gicciye da yatsa a kan bargo, ɗaya bayan ɗaya har bakwai, sannan ka juya fuska bango. Ta kuma gaya mini abin da likita ya ce, wai ciwon yana iya komowa kafin sanyi ya wuce, kuma in ya komo ba lallai ya bar ka ba. Na faɗa maka ne don ba mu saba ɓoye wa juna ba. Na karanta sau biyu, na fita na zauna a bakin lambatu na rasa abin da ke mini daɗi.

Jiya bayan an tashi daga coci na biya kantin Policarpo sayen gishiri. Tsofaffin nan suna jere a kan benci kamar kullum. Policarpo, uban baftismar 'yarka fa, ya leƙo ta saman sikeli ya ce, "Uwar Ofelia, ya jikin Kunkuru? Ki ce masa ya warke da wuri, azurfar Sipaniyawa ta gaji da jira, har ta fara tsatsa." Suka kwashe da dariya. Onesimo ya cire lofe daga baki ya ce, "Ai shi ya huta da mu. Ranar da ta Allah ta kasance ba sai mun haƙa kabari ba, ya riga ya haƙa goma sha ɗaya a kan dutse, zaɓa kawai za a yi." Na ajiye musu gishirinsu na fito.

Amma ba maganarsu ce ta fi ƙona mini rai ba, tsohona. Ni ce na fara kiran ka Kunkuru, a cikin ɗakin nan, ranar da ka dawo kana rantsuwa ka ga kunkuru a sassaƙe a jikin dutse bayan tsohuwar makabarta, kansa yana nuna hanyar ramin azurfa na mutanen da. Daga bakina sunan ya fita ya shiga gari. Shekara talatin da ɗaya kana hawa dutsen nan duk ranar da gona ta sake ka, ni kuma ina ɗaure maka gurasar masara da wake ina mita, ban taɓa cewa ka nuna mini ko alama ɗaya ba. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Da na dawo gida na ciro littafinka daga ƙarƙashin sirdi. Ka zaci ban san nan kake ɓoye shi ba? Na karanta shi daga bango zuwa bango, har da takardar alamomin nan da Bature ɗan Texas ya sayar maka a kasuwar dabbobi. Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ka matse hannun Ofelia. Daga kunkuru hanya ta haura, duwatsu shida ne masu alama, kowanne da gicciye bakwai. A dutse na shida gicciye ɗaya ya karkata hagu, takardar Bature kuma ta ce gicciye mai karkata yana nufin a juya. Sai ka juya ka shiga kwazazzabon hagu, kuma tun daga nan ba ka sake ganin wata alama ba, sai haƙa.

To, ni zan hau. Melquiades ya ce na bi sahunka na haukace, amma zai raka ni don kada a ce ya bar yayarsa ta faɗa rami. Ba azurfa nake so ba, me zan yi da ita, haƙori zan sa? So nake ka san abin da ke ƙarshen hanyar nan tun kana da rai, kuma kada a binne ka da sunan mahaukaci. Muna da wata ɗaya kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Ka ci abinci, kada ka wahalar da yarinyar nan. Ka huta lafiya.

Matarka,
Crisanta

Santa Rufina
14 ga Oktoba, 1954

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata ka kwana da sauƙi. A gaida Ofelia da mutanen gida. Na ji ta ce da ta karanta maka wasiƙata ka yi wani ƙara har ta tsorata, ashe dariya kake yi. Yi dariyarka, na cancanta.

Sau uku ke nan muna hawa. Na ga kunkurun, kuma ba ƙarya ka yi ba, kunkuru ne sosai, har da ƙafafu. Na tsaya a gabansa na ce masa ya yafe mini, Melquiades ya ce, "Yaya, in kin gama gaisawa da surukinki sai mu tafi."

Na ɗauki varar nan taka, sandar da ka yanka daidai awon mutanen da, na auna tsakanin kowane dutse da na gabansa. Awonka daidai ne, ban sami kuskure ko na taku ɗaya ba. Daga na fari zuwa na biyu ɗari huɗu da goma, sai ɗari uku da casa'in, sai ɗari biyu da sittin, sai ɗari da tamanin, na ƙarshe ɗari da hamsin. Na ga shafukan da ka cika kana ninka waɗannan da bakwai, kana raba su da bakwai, kana neman su faɗa maka wani abu. Ni ma na gwada har kaina ya yi ciwo. Abin da kawai na lura da shi, inda ƙasa ta kwanta tazarar tana da tsawo, inda hawa ya yi tsauri tana gajarcewa. Ban san amfanin wannan ba, amma na rubuta shi.

Akwai kuma wani abu da ban gani a littafinka ba. Gicciyen nan bakwai ba hannu ɗaya ya yi su ba. Kada ka yi mini musu, ni da ke gane saƙar kowace mace a garin nan daga nesa. Biyu masu zurfi ne, an yi su da kurfi da guduma, aikin wanda ya saba. Ɗaya an karce shi ne kawai da bakin wuƙa. Akwai wani ƙarami da aka yi wa 'yar ƙafa a ƙasa, kuma a duk dutsen shida yana nan da 'yar ƙafarsa. Na tambayi kaina, mai ɓoye dukiya zai kira mutum bakwai su taya shi sa alama? Takardar Baturenka ba ta ce komai a kan wannan ba.

Jiya muka shiga kwazazzabon hagu. Abundio, na ga ramukanka. Ban san haka suke da zurfi ba. A bakin na goma sha ɗaya digarka tana jingine yadda ka bar ta a watan Agusta, ga gwangwanin da kake dafa kofi a kife a kan dutse, ga tsumman da nake ɗaure maka abinci a ciki ka wanke ka shanya a reshe. Na zauna na yi kuka sosai. Kai kaɗai a wannan wuri, shekara da shekaru, ka dawo gida kuma in tarbe ka da habaici. Melquiades ya ba ni baya ya yi kamar yana gyara wa Paloma linzami har na gama.

Wurin nan ba alama, mun duba kowane dutse da zai ɗauki tafin hannu. Melquiades ya ce mu haƙura, ya ce, "Mutumin da ya yi shekara talatin bai gani ba, ke da gwiwa ɗaya da rabi za ki gani a sati biyu?" Na ce masa in ya gaji ya zauna gida ya tsinci wake, ni da alfadara mun isa. Ya san ba wasa nake yi ba.

Gari kuwa ya sami abin magana. Yanzu Matar Kunkuru suke ce mini. Policarpo ya tare ni a hanya ya ce, "In kin samo, ki tuna da mu talakawa, ko cokali ɗaya ne a ƙera mana." Na ce masa cokalin zai zo, ya tanadi bakin. Ban san me nake nufi ba, amma ya ba ni hanya.

Da safe raɓa ta fara daskarewa a kan kabewa. Jibi za mu koma dutse na shida, zan zauna a gabansa har sai ya gaya mini wani abu.

Allah ya ba ka lafiya, ya haɗa fuskokinmu.

Taka,
Crisanta

Santa Rufina
22 ga Oktoba, 1954

Tsohona,

Ina gaishe ka, ina gaida Ofelia da yara, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙarfin jiki? Ofelia, ki ba shi ruwa ya sha, ki gyara masa matashi, wannan wasiƙar doguwa ce kuma ina so ya ji ta a zaune.

Da farko, Melquiades ya karye a ƙafa. Kada hankalinka ya tashi, mai ɗori ta ɗora shi, yana kwance yana ci kamar fara. Ranar Asabar ne, a wajen dutse na shida. Ya je ɗebo ruwa a rafi, ya taka dutse mai santsi, sai na ji ƙas. Na iske shi yana kiran sunan duk waliyyan da ya sani. Ban sami abin ɗaure ƙafar ba sai vararka, na karya ta biyu a gwiwata na ɗaure da igiyar sirdi. Ka yafe mini sandar. Na gwada ɗora shi a kan Paloma, ƙafar na lilo ya sume, dole na kwantar da shi na rufe shi da bargo na sauko neman mutane.

Ka san samari duk sun tafi Colorado cirar dankali. Wa na samu? Mutanen benci. Policarpo, da Onesimo, da 'yan'uwan nan biyu na gidan Trujillo, ƙaraminsu ya haura sittin. Don Allah, ba wanda ya tsaya zolaya, suka ɗauko tsanin tsinkar tuffa muka hau. Muka shimfiɗa bargo a kan tsanin, muka ɗora Melquiades, biyu a gaba biyu a baya. Ka san ƙanena, buhun masara biyu ne cif.

Muka fara gangarowa, ni ina biye da alfadara. Ba mu yi nisa ba Onesimo ya ce, "Ku sauke, ku sauke, hannuna zai fita!" Suka lallaɓa har inda ƙasa ta ɗan kwanta suka ajiye. Na duba gefe, sai ga dutse na biyar. Ban kawo komai a raina ba. Suka huta suka ɗauka. Da numfashi ya sake ƙarewa suka nemi inda tsani zai zauna ba tare da mai ciwo ya mirgino ba, suka ajiye, sai ga dutse na huɗu a dab da kan Melquiades. Na kame bakina, don ina so in gani ko za a yi na uku. Daga nan hanya ta yi sauƙi, suka yi tafiya mai tsawo, har na fara cewa a raina na yi zato ne kawai. Sai babban Trujillo ya ce, "Ni kam na ƙare." Suka sauke a gindin dutse na uku.

Policarpo ya jingina da dutsen yana haki, ya dafa shi, tafin hannunsa ya sauka a kan gicciyen. Ya dube su, ya dubi tsanin da mutum a kwance a kai, ya waiga ya dubi hanyar da muka biyo. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya cire hula ya ce, "Uwar Ofelia, wannan ai descanso ne. Wurin hutun masu ɗaukar gawa ne." Ya ce kakarsa ta sha gaya masa, kafin mota ta zo, in an ɗauko mamaci daga nesa a kafaɗa, duk inda aka sauke makara aka huta sai a sa gicciye a yi masa addu'a.

Abundio, ni ma na sani, kai ma ka sani! Muna yara ba mu ga irinsu a hanyar kogi ba, ana jefa musu tsakuwa in an wuce? Sai dai mu na itace muka sani, a tsaye cikin tarin duwatsu. Su waɗannan da ba su da lokacin sassaƙa itace sai suka yi a jikin dutse. Abin gidanmu ne, na kakanninmu, muka je muna tambayar takardar Bature ma'anarsa. Shi ya sa tazarar ke gajarcewa a wurin tsauri, ba lissafi ba ne, hannu ne ke gajiya. Shi ya sa hannu bakwai, kowane mamaci da nasa mutanen. Gicciyen nan da ya karkata ya kai ka kwazazzabon hagu ba cewa ya yi ka juya ba. Wani bawan Allah ne ya yi shi da hannun da ke rawa don gajiya.

Onesimo ya fara addu'ar matattu ƙasa-ƙasa. Sai Melquiades ya ɗago kai daga kan tsani ya ce, "Kai, ku ɗauke ni daga nan! Ban fa mutu ba, ƙafa ce kawai!" Muka yi dariya har da hawaye. Sau biyu suka ƙara hutawa, a dutse na biyu da na fari, ba kuskure, kuma na farin ka san inda yake, bayan tsohuwar makabarta.

Na san abin da kake ji yanzu. Kana cewa shi ke nan, hanyar gawa ka bi shekara talatin. Kada ka juya fuska bango, saurara. Kai kana karanta hanyar daga ƙasa zuwa sama, su kuwa daga sama suka rubuto ta. Mutum bakwai aka sauko da su. Daga ina? Babu gida a can, babu gona, ba a taɓa jin an yi ƙauye ba. Me ya tara mutane a kan dutsen da ko makiyayi ba ya kwana, har bakwai suka mutu? Inda gicciyen nan suka faro, nan abin da kake nema yake. Dutse na shida ba ƙarshe ba ne, akwai na gaba, kuma yanzu na san da abin da zan auna.

Ka riƙe ranka da kyau, ka jira wasiƙata. Ban ba ka izinin zuwa ko'ina ba.

Matarka mai taurin kai,
Crisanta

Santa Rufina
2 ga Nuwamba, 1954

Zuwa ga Abundio Maestas, maigidana,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya jiki, yaya sanyi? Ina gaida Ofelia da mijinta da jikokina. Yau ranar tunawa da matattu ce, na kai furanni kabarin iyayenka da nawa, na dawo na zauna rubuta maka. Ofelia, akwai ƙulli a cikin safa tare da wasiƙar nan, kada ki ba shi sai na ce.

Ranar Litinin ta makon jiya na ɗaura wa Paloma sirdi zan hau ni kaɗai, sai na iske mutum huɗu a ƙofar gida da tsani. Policarpo ya rufe kanti ranar aiki, abin da bai yi ba ko ranar auren 'yarsa. Ya ce, "To, Matar Kunkuru, shige gaba, mu jakunanki ne yau."

A dutse na shida na tsaya na ba gari baya na kalli sama. Ban tambayi ina aka ɓoye dukiya ba. Na tambayi kaina, in mutum huɗu suna saukowa da gawa, biyu gaba biyu baya, ta ina za su bi? Kwazazzabon hagu akwai tsalle mai tsayin mutum, makara ba ta bi nan. Cikin rafi santsi ne, Melquiades shaida. Saura gangaren dama, wanda sarƙaƙiya ta rufe, inda ka rubuta a littafinka cewa babu komai. Muka shiga da adda da gatari. Rabin wuni muna sara, ƙaya ta yayyaga mini zane, sai ga hanya a ƙarƙashi, an jera mata duwatsu a gefe, faɗinta daidai mutum biyu kafaɗa da kafaɗa.

Daga nan duk inda muka ga wuri ya kwanta sai mu ajiye tsanin mu gani ko zai zauna. In ya zauna sai mu kankare duwatsun kusa. Onesimo ne ya samo na bakwai. Ya zauna zai kunna lofe, ya karce ashana a jikin dutse, gansakuka ta ɓare, sai ga gicciye. Suna ta fuskar da ke kallon sama, mai hawa ba zai taɓa ganinsu ba sai mai saukowa. Bakwai ne, har da ƙaramin mai 'yar ƙafa. Tsohon nan ya yi ihu kamar an sace masa akuya. Na takwas mun same shi washegari. Na tara ya ba mu wuya, kwana biyu muna neman sa, gwiwata ta kumbura kamar kabewa, dusar ƙanƙara kuma ta fara yayyafi. 'Yan Trujillo suka ce a bari sai bazara. Na ce mijina ba shi da tabbacin bazara, wanda zai koma ya koma. Ba wanda ya koma.

Ranar Juma'a da hantsi muka same shi, wata bishiya ce ta faɗo a kansa. Sama da shi kaɗan muka fito wani fili. Abundio, ka saurara da kyau. Akwai tarin farfasassun duwatsu masu ruwan toka, wanda ba ruwa ba ne ya tara su, hannu ne. Akwai da'irar daɓe ta niƙan dutse, da babban dutsen niƙan a tsakiya, da hudar da ake ɗaura wa alfadari igiya ya ja, daidai yadda ka zana mini a ƙasa wata rana na share da tsintsiya. A jikin tsaunin kuma ƙasa ta zube ta toshe wani baki, ƙarshen wani gungume yana leƙowa, da sawun gatari a jikinsa. Ramin yana nan. Tun farko yana nan, kuma kan kunkurunka nan yake kallo.

A saman bakin ramin akwai gicciye. Policarpo ya hau ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Goma sha biyu ne, bakwai a jere a sama, biyar a ƙasa an kewaye su da zane. Ba wanda ya buƙaci takarda ta fassara masa. Ramin ne ya rufta, bakwai aka iya cirowa aka sauko da su, biyar suna ciki har yau. Ba ɓoye shi aka yi ba, tsohona, barin sa aka yi don ya zama kabari. Muka durƙusa a kan ƙanƙara muka yi musu addu'a, mun kuma gaya wa Fada, limamin cocinmu, ya ce zai hau ya sa albarka.

Ofelia, ba shi safar yanzu. Dutsen nan daga tarin na tsinto shi. Ji nauyinsa, dubi baƙin jijiyar da ke ƙyalli a ciki. Ko azurfa ce ko ba ita ba ce, kai ne masani. Melquiades daga kan gado har ya fara zancen nakiyar fasa bakin ramin, na ce ya rufe mini baki, akwai mutane a ciki, kuma ba mai taɓa ko tsakuwa sai mai ramin ya zo ya faɗi abin da yake so.

Da za mu sauko Policarpo ya tsaya yana murza hula a hannu. Ya ce, "Uwar Ofelia, ki rubuta wa ɗan'uwana Abundio cewa..." sai ya mayar da hular kansa. Can ya ce, "A'a, bari. Da baki na yi masa, da baki zan gyara." Ranar Lahadi a ƙofar coci wani yaro ya ce Kunkuru, Onesimo ya kama kunnensa ya ce daga yau Don Abundio za a riƙa cewa, yadda ake kiran manya don girmamawa. Ni dai a cikin ɗaki zan ci gaba da kiran ka Kunkuru, wannan ba ruwan kowa.

Ga abin da ya sa nake sauri. Ƙanƙarar da ta sauka ta narke, masu duban sama sun ce muna da kwana goma. Ofelia, ki gaya wa mijinki ya sa baban nan a mota ranar Asabar, ki naɗe shi da bargo uku. Kada ki rubuto mini cewa likita ya hana. Likita bai yi alkawarin bazara ba, ni kuwa na yi wa ubanki alkawari zai gani da idonsa. 'Yan Trujillo sun ɗaure kujerarka ta zaure a kan sanduna biyu, sun yi mata maɗauri, har sun gwada ta da buhun wake sau biyu. Policarpo ya ce gaban dama nasa ne, duk wanda ya taɓa za su ɓata.

Kada ka ji tsoron nauyinka a kansu. Wurin hutawa tara ne, mutanen da sun riga sun auna mana, duk mun san su. A kowanne za mu sauke ka, ka sha kofi, ka shafa alamominka da hannunka mai lafiya. Hanyar nan mutum bakwai ta sauko da su a kwance, kai za ka hau ta a zaune, ido biyu, kuma na gaya wa mutanen nan kowa ya bar wuƙarsa a gida, ba mai sassaƙa gicciye na takwas.

Na wanke maka hularka ta coci. Sai na gan ka ranar Asabar, Allah ya kawo ku lafiya.

Ni ce matarka, wadda ta yarda a makare,
Crisanta